Wa Ya Rubuta, Wa Ya Kaɗa, Wa Ya Karɓi Kuɗin? Batun Haƙƙi a Kundin N.W.A

A bangon kundin waƙoƙin Straight Outta Compton na ƙungiyar N.W.A akwai samari shida. Sun yi da'ira sun sunkuyo suna kallon mai ɗaukar hoto da ke ƙasa, ɗayansu kuma ya saita shi da bindiga. Tambayi duk mai sha'awar gambarar Amurka su wane ne N.W.A, zai jero maka biyar ba tare da ya numfasa ba: Eazy-E, Dr. Dre, Ice Cube, MC Ren da DJ Yella. Na shidan sunansa Arabian Prince, da shi aka kafa ƙungiyar, kuma ya bar ta a 1988 kan maganar kuɗi. Akwai na bakwai da ko a hoton babu shi, wani matashi daga Dallas ta jihar Teksas da ake kira The D.O.C., wanda alƙalaminsa ya zagaye waƙoƙin kamfaninsu kaf.

Ba na cikin masu wanke wannan kundi. Ashar ya yi masa katutu, kuma yadda ake ambaton mata a cikinsa abin kunya ne ko a wancan zamani. Amma ko an so ko an ƙi, ya sauya alƙiblar waƙar gambara. Waƙarsu ta caccakar 'yan sanda ta sa wani babban jami'in hukumar FBI ya rubuta wa kamfanin da ke rarraba kundin wasiƙar nuna ɓacin rai a 1989. An sayar da kwafi sama da miliyan uku a Amurka, kuma a 2017 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin ƙasar ya sa shi cikin rukunin faya-fayen da ake adanawa don tarihi. Abin da ya kai nan, dole a tambayi wanda ya yi shi da wanda ya amfana. Ra'ayina shi ne an cuci mutane da dama a wannan aiki, kuma labarin da ake ba mu yau, wanda ake cewa shi ne gyaran waccan cuta, shi ma ya binne wasu.

Sai an fahimci yadda kuɗin waƙa ke tafiya kafin a gane dalilin da ya sa 'yan ƙananan rubuce-rubucen da ke bayan faifai suke raba abokai. A dokar Amurka waƙa guda tana da haƙƙi biyu. Akwai haƙƙin ita kanta waƙar, wato baitoci da karin da aka tsara, wanda na marubuci ne da kamfanin da ke kula masa da rubutunsa. Akwai kuma haƙƙin sautin da aka naɗa a sutudiyo, wanda galibi kamfanin da ya biya kuɗin naɗa ke mallaka. A 1988 da 1989 doka ta yanka wa marubuta santi 5.25 kan kowace waƙa a kowane kwafin da aka sayar. Ka ga kamar ba komai ba ne. To lissafa: waƙa ɗaya tak, in an sayar da kwafi miliyan, ta tara dala 52,500 in an biya cikakken farashi. Ban da abin da ƙungiyoyin karɓar haƙƙi irin su ASCAP da BMI ke tattarowa duk lokacin da aka sa waƙar a rediyo ko talabijin, ban da na fim da talla, kuma wannan kuɗi ba ya tsayawa da mutuwar marubuci, magada ne ke ci gaba da karɓa. Don haka sunan da aka rubuta a ƙarƙashin waƙa abinci ne, gado ne.

A N.W.A ba a ɓoye ba ne cewa Eazy-E bai cika rubuta abin da yake rerawa ba. Waƙar da ta fara fito da shi a 1987, Boyz-n-the-Hood, Ice Cube ne ya rubuta ta, kuma ba don shi aka rubuta ba. An shirya ta ne don wata ƙungiya ta 'yan Niyok, suka ce ba su gane wannan salon magana na Kalifoniya ba, suka yi tafiyarsu. Dre ya lallaɓa Eazy ya shiga ɗakin naɗa murya. Waɗanda suka halarta sun sha faɗin irin wahalar da aka sha: ya rera layi ɗaya, a tsayar, a sake, a naɗa, sannan a matsa zuwa na gaba, har aka harhaɗa waƙar. Daga nan har zuwa kundinsa na kansa, Eazy-Duz-It, da ya fito a ƙarshen 1988, Ice Cube da MC Ren da The D.O.C. ne suka riƙa zuba masa kalmomi a baki. Shi ma Dre haka. Waƙar Express Yourself, wadda kusan shi kaɗai ya rera, kuma wadda saƙonta shi ne mutum ya faɗi abin da ke ransa da bakinsa, Ice Cube ne ya rubuta masa.

Ba na ganin aibu a wannan ko kaɗan. Wani Allah ya ba shi alƙalami, wani murya, wani kunnen kiɗa. Muryar Eazy, siririya mai tsiwa, ita ce ta sa kalmomin Cube suka shiga kunnen mutane, kuma da wani ne ya rera su da wuya su yi irin wannan tasiri. Shi ne kuma ya sa kuɗinsa aka kafa kamfanin Ruthless a 1987, ya biya kuɗin sutudiyon Audio Achievements da ke Torrance inda aka naɗi kundin. Masu cewa Eazy ɗan cin banza ne ba su yi masa adalci ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsarin da aka ɗora aikin a kai. Eazy ɗan ƙungiya ne, kuma shi ne mai kamfanin da ƙungiyar ke yi wa aiki. Jerry Heller, wanda ya daɗe a harkar tun yana shirya wasannin manyan mawaƙa irin su Elton John da Pink Floyd, shi ne manajan ƙungiyar, kuma shi ne ke tafiyar da kamfanin tare da Eazy. Aikin manaja shi ne ya tsaya wa mawaƙi ya ja da kamfani har a ƙara masa kaso. To in manajan naka shi ne kamfanin, wa zai ja da wa? Ko da mutumin waliyyi ne, wannan kujera ba ta zaunuwa. Samarin nan kuwa yawancinsu ba su wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, wasu ma ba su kai ba, an haifi Ice Cube a 1969. Sun yi ta aiki bisa amana da abota, kuɗi na shigowa, ba wanda ya san lissafin sai mutum biyu.

A 1989, ana tsakiyar zagayen wasanni, aka kawo musu takardun kwantiragi tare da cekin dala 75,000 ga duk wanda ya sa hannu. Ice Cube ya ce sai lauya ya duba masa tukuna. Sauran suka sa hannu, shi ya ƙi. Kafin shekarar ta ƙare ya fice, ya tafi Niyok wajen masu haɗa wa ƙungiyar Public Enemy kiɗa, wato Bomb Squad, ya fitar da kundinsa na farko a 1990. Heller ya rayu yana musanta cewa ya cuci kowa. Hujjarsa ita ce an biya kowa gwargwadon yarjejeniya, kuma matasa ba su gane cewa sai an cire kuɗin sutudiyo da na talla da na tafiye-tafiye kafin a raba riba ba. Wannan magana ta ƙarshe gaskiya ce, haka harkar take. Amma ni abu ɗaya ya ishe ni hukunci. Mutumin da lissafinsa ke da tsabta ba ya jin tsoron lauya. In ka ɗaure kuɗin da mutum ya riga ya yi wa gumi da sharaɗin ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba, to ka matsa masa ne, ko da kowace lamba a cikin takardar daidai take. Kuma shekara biyu ba ta cika ba Dre, wanda ya sa hannu ya kuma taya su zagin Cube a waƙa, shi ma ya tattara ya bar kamfanin a 1991 kan ƙorafi iri ɗaya.

Har nan yawancin masoya gambara za su yarda da ni, domin labarin Ice Cube ne, kuma Ice Cube ya yi nasara. Daga nan ne nake rabuwa da su.

A 2015 aka fitar da fim mai sunan kundin, wanda Ice Cube da Dr. Dre da matar marigayi Eazy suna cikin furodusoshinsa. Ga miliyoyin matasa, ciki har da na nan gida da suka kalle shi a waya, wannan fim shi ne tarihin N.W.A. A cikinsa Cube ne mai alƙalami, Dre ne mai kiɗa, Eazy ne mai kuɗi da ya yi nadama a ƙarshe. MC Ren kuwa yana tsaye a gefe kamar ɗan rakiya. Alhali Ren yana da waƙoƙi biyu da shi kaɗai ya rera a kundin, If It Ain't Ruff da Quiet on tha Set, ya rubuta nasa baitocin da hannunsa, ya rubuta wa Eazy da yawa, kuma bayan tafiyar Cube shi da The D.O.C. ne suka ɗauki nauyin rubutun har kundin ƙungiyar na 1991 ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard. Ren da kansa ya fito ya ce fim ɗin bai nuna gudummawarsa yadda take ba. Mutanen da suka yi kuka cewa an danne musu haƙƙi, da alƙalamin tarihi ya zo hannunsu, sai suka rubuta shi da sunayensu da manyan baƙaƙe. Ban ce da mugunta suka yi ba. Mai ba da labari kansa yake fara gani. Shi ya sa bai kamata a bar wa wanda ya fi kowa kuɗi da suna shi kaɗai ya faɗi wanda ya yi me ba.

Haka batun kiɗa. A rubuce yake cewa Dr. Dre da DJ Yella ne suka haɗa kiɗan kundin, amma a bakin jama'a ya zama kiɗan Dre kawai. Arabian Prince, wanda ake jin muryarsa a waƙar rawa da ta rufe kundin, Something 2 Dance 2, ya daɗe yana cewa ya yi aiki a kan na'urori fiye da yadda aka rubuta. Shi ne kuma ya fara haɗa wa 'yan matan J.J. Fad waƙar Supersonic, wadda ta kawo wa Ruthless kuɗi da mutunci a idon manyan kamfanoni kafin N.W.A ta yi fice. Fim ɗin bai ba shi wani gurbi ba. Da aka shigar da ƙungiyar zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame a 2016, mutum biyar aka lissafa, babu shi, babu The D.O.C.

Matsalar ita ce kalmar furodusa a gambara buhu ce da ake zuba ayyuka da yawa a ciki. Wani ne ya tono tsohon faifan da aka yanko kiɗa daga ciki. Wani ya danna gangunan a na'ura. Wani ya zauna a gaban allon sauti dare da rana yana daidaita murya da kiɗa. Wani ya tsaya kan mawaƙi yana cewa sake, ba ta fita ba. A ƙarshe sai a rubuta suna ɗaya ko biyu. Na yarda cewa wanda ke da hukuncin ƙarshe kan yadda waƙa za ta fito ya cancanci a kira shi jagora, kuma duk wanda ya saurari abin da Dre ya yi bayan haka ya san kunnensa ba na wasa ba ne. Amma jagoranci ba ya shafe hannun sauran.

Wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne The D.O.C., Tracy Curry. Shi ne ya iya tsara magana yadda za ta zauna daram a bakin wani, ya rage kaifin inda zai hana a sa waƙa a rediyo, ya sa wa Eazy barkwanci. An ji muryarsa a waƙar Parental Discretion Iz Advised, sannan a 1989 ya fitar da nasa kundin, No One Can Do It Better, wanda ya nuna cewa a fagen rerawa ma ba ya bayan kowa a cikinsu. 'Yan watanni bayan haka ya yi hatsarin mota, maƙogwaronsa ya lalace, muryar ta tafi. Ka duba wannan hali da kyau. Mawaƙin da ya rasa murya ba shi da wasan dandali, ba shi da sabon kundi da zai yi kasuwa. Abin da ya rage masa shi ne haƙƙin abin da ya rubuta. An kuma sha ba da labarin cewa tun yana sabon zuwa ya sallama wa Eazy haƙƙin rubutunsa a madadin sarƙar zinare da agogo. Za a ce ai da yardarsa, ba wanda ya tilasta shi. Ni ban ɗauki yardar yaron da bai san darajar abin da ke hannunsa ba, a gaban wanda ya sani sarai, a matsayin yarda ba. Ko a cinikin kasuwa muna da suna ga wanda ya sayi kaya a hannun wanda bai san farashi ba, kuma ba suna ne mai daɗi ba.

Akwai kuma waɗanda ko sutudiyon ba su taɓa takawa ba amma suna cikin kundin. Gangar da ke tafe da waƙar farko, mai sunan kundin, ba a Torrance aka buga ta ba. An yanko ta ne daga Amen, Brother, wani kiɗa da ƙungiyar The Winstons ta sa a bayan faifanta a 1969. A tsakiyar kiɗan sauran kayan suna yin shiru, mai ganga Gregory Coleman ya yi bugu shi kaɗai na kimanin daƙiƙa shida ko bakwai. Wannan ɗan tsakure ya shiga dubban waƙoƙi, har wasu salon kiɗan rawa na Birtaniya a kansa aka gina su. Coleman ya rasu a 2006 cikin talauci, bai karɓi ko sisi daga wannan ba. Shugaban ƙungiyar, Richard Spencer, wanda ke da haƙƙin kiɗan, shi ma bai samu komai ba sai a 2015 da wasu masoya kiɗa a Birtaniya suka yi masa karo-karo ta intanet suka tara fam 24,000. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba N.W.A kaɗai ke da wannan laifi ba, kuma a lokacin ba a ma ɗauke shi laifi ba. A shekarun 1980 kowa yanka yake yi ba tare da neman izini ba, sai a 1991 da wata kotu a Niyok ta yanke hukunci kan mawaƙin gambara Biz Markie saboda tsakuren waƙar Gilbert O'Sullivan, sannan kamfanoni suka shiga taitayinsu. Amma ko bayan hukuncin, kuɗin izini yana tafiya ne ga mai haƙƙin rubutu da kamfanin da ya mallaki sautin. Mai ganga ba ya cikin ko ɗaya, domin doka ta fi ganin baiti da kari a matsayin ƙirƙira, bugun ganga kuwa aikin lada ne da aka biya aka sallama. A waƙar da ganga ce ƙashin bayanta, wannan doka ta bar gaskiya a baya. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Mun san abin da kalangu yake a waƙar Shata, mun san waƙar fada ba ta tsayuwa ba 'yan amshi, kuma mun san sunaye nawa ne daga cikinsu suka iso gare mu.

Hujjar da aka fi kawowa don kare wannan hali ita ce wai aikin ƙungiya ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma in aka tsaya ƙirga wanda ya kawo wane layi, daɗin aiki zai gushe, 'yan'uwantaka ta lalace. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A ɗakin da samari biyar ke ta jefa magana, wani ya faɗi rabin layi wani ya ƙarasa, ba kowane abu ne za a iya aunawa ba. To amma in da gaske aikin na kowa ne, sai a raba daidai wa daida, kamar yadda wasu ƙungiyoyin kiɗa suke yi, kowace waƙa a rubuta sunan kowa. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a ce na kowa ne lokacin aiki, sannan ya zama na mutum biyu lokacin rabo. Kuma tarihin ƙungiyar ya ƙaryata hujjar da kansa. Ba lissafi ne ya raba su ba, rashinsa ne. Arabian Prince ya tafi a 1988, Cube a 1989, Dre da The D.O.C. a 1991, aka shafe shekaru ana zage-zage a faifai, kuma Eazy ya rasu a watan Maris na 1995 ba su sake haɗuwa sun naɗi waƙa tare ba.

Malamanmu marubuta waƙa sun daɗe da gane wannan. Sau da yawa a baitocin ƙarshe za ka ji mawaƙi ya faɗi sunansa da garinsu, wani ma har da shekarar da ya kammala, don kada waƙa ta yi yawo ta rasa uba. Mawaƙanmu na sutudiyo ma suna da kyakkyawar al'adar ambaton mai kiɗa da mai amshi a cikin waƙa. Sai dai darasin Ice Cube shi ne ambato kaɗai ba ya isa. Shi ai an san shi, sunansa na jikin faifai, duniya ta san shi ya rubuta. Abin da ya nema shi ne takardar da ta faɗi kasonsa da kuma damar wani masani ya duba masa ita. Takarda ɗaya ce, a cike ta ranar da aka gama waƙa kafin kowa ya fita daga sutudiyo, tun ba a san ko za ta karɓu ba: wane ya rubuta, wane ya haɗa kiɗa, daga ina aka yanko, kowa kashi nawa cikin ɗari, kowa ya sa hannu. A ranar ba mai jin ciwon bayar da kashi goma na abin da bai zama komai ba tukuna. Bayan an sayar da miliyan ne kowa ke tuna abin da ya ga dama.

Game da shi kansa kundin, lokaci bai ƙure ba. An sake fitar da shi a 2002, an kuma sake a 2007, kuma za a ci gaba da sakewa muddin yana kawo kuɗi. Ice Cube da Dre da Ren da Yella da Arabian Prince da The D.O.C. duk suna raye. A zaunar da su, kowa ya faɗi abin da ya tuna waƙa bayan waƙa, a buga inda suka yi ittifaƙi, inda suka saɓa kuma a buga saɓanin yadda yake. A rubuta sunan Gregory Coleman a ƙarƙashin waƙar farko, a nemo magadansa a ba su kaso. Dre da Cube suna da kuɗi da faɗa a ji da za su sa kamfanin da ke riƙe da kundin ya yi haka cikin mako guda in sun so, kuma su ne suka fi kowa sanin zafin a ci guminka.